Ranar da Iliya Ya Shiga Rijiya

Zafin bana ne ya tono mini wannan magana. Tun da azumin maƙwabtanmu ya kama, ya haɗu da namu na kwana arba'in kafin Ista, ban ƙara samun barcin rana ba. In na kwanta a tabarma sai in ji ƙasa tana hura mini wuta ta baya, bango kuwa har la'asar ba ya taɓuwa. Rabon da in ga azumin nan biyu sun haɗu a cikin bazara irin wannan, an fi shekara talatin. A wancan karon ne na yi abin da zan faɗa.

Ni ban yi makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa. Autata Rahila ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini komai. Sunana Saratu. Mijina, wanda ban taɓa kiran sunansa da bakina ba yana raye, shi ne Iliya. Bana shekararsa tara da rasuwa. Akwai wani suna da aka laƙaba masa a unguwar nan, ya ɗauke shi har kabari, alhali ba nasa ba ne. Ni na jawo masa.

Mu mutanen ƙauye ne daga kudancin Kano, iyayenmu sun karɓi bishara tun muna yara. Iliya ya koyi liƙin tukwane da gyaran risho da fitila a wurin wani dattijo a Jakara, dattijon kuma ya ba mu wani ƙaramin gidansa a ƙuryar lungu muka zauna. Lungun ba ya ɓullewa. Gida bakwai ne, namu ne na ƙarshe, kuma mu kaɗai ne Kirista. Ran Lahadi da sassafe sai mu shirya yara mu bi ta Ƙofar Wambai zuwa coci a Sabon Gari, mu dawo da rana tsaka. Ba wanda ya taɓa tare mu. Ba kuma zan ce ba a kallonmu ba.

Gidan ƙarami ne, ɗaki biyu da madafi, amma yana da abin da ya fi na kowa, wato rijiya. Tsohuwa ce mai zurfi, an ce tun zamanin kakan mai gidan aka haƙa ta. Gungumen da ke bakinta igiya ta ci shi har ya yi layi-layi, kana iya kwantar da yatsa a ciki.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Malam Sani mai ɗinkin hula. Matarsa Mairo tsarata ce, mace mai baki da dariya. Ita ta raɗa mini suna Ta-Lahadi, wai ita dai ba ta ganin na ɗaura zanin kirki sai ran Lahadi. Katangar ba ta da tsayi, in na taka turmi ina ganin tsakar gidanta. Ta nan muke miƙa wa juna gishiri da garwashi, ta nan kuma kowane azumi, da an kira magariba, sai in ji muryarta: "Ta-Lahadi, miƙo hannu." Kwanon kunun tsamiya ne, wani lokaci da ƙosai uku a kan murfi.

Daminar da ta gabaci shekarar ta yi gardama. Ruwa ya zo a makare, ya ɗauke da wuri. Kafin bazara ta kai tsakiya rijiyoyin lungu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, ka jefa guga ka ji ya bugi ƙasa. Famfon bakin titi sai ya kwana uku bai kawo ba, ran da ya kawo kuma layin bokitai da garewani ya wuce inda ido ke gani. 'Yan garuwa sai an bi su da roƙo. Yara duk sun feso da ƙurajen zafi, wuya da baya, suna kuka suna susa. Kaji su buɗe baki su kwanta a gindin randa. Iska in ta taso da rana kamar an buɗe murhu.

Rijiyarmu ce kaɗai ta rage da ruwa. Iliya ya ce in bar ƙofar zaure a buɗe.

Na ce, "In ta ƙafe fa, Baban yara?"

Ya ce, "Mu muka haƙa ta? Ko mu ke tsattsafo da ruwan? Bar ƙofa a buɗe."

Haka muka tsara. Ruwa yakan taru kafin gari ya waye, don haka ɗiban safe shi ne mai kyau, garau da sanyi. Kowane gida bokiti biyu da safe, ɗaya da la'asar. Kafin hantsi ya ɗaga guga ya fara fitowa da ja, sai mu dakata, mata su zauna a inuwar katanga suna jiran ya sake taruwa, masu tsinkar zogale na yi, masu kitso na yi. Wanda ya fito da laka a zuba a randa a bar shi ya kwanta. Ba a zubar da ko ɗigo. Ruwan da aka wanke gero da shi a wanke kwano, na wanke kwano a yayyafa wa tsakar gida. Wanka da moɗa uku ne, babba da yaro. Su suna azumi, leɓunansu sun bushe, amma hira ba ta mutu ba. Mairo takan ce, "Ta-Lahadi, ke naku azumin na gata ne, ana shan ruwa. Ku karɓe ni mana na wata ɗaya." In ce, "Zo, amma ke za ki riƙa yi mana waƙa." Ta ce, "Da wannan muryar? Ai sai cocin ya watse."

Abin da ya fara ɓata mini rai ƙarami ne, har ina jin kunyar faɗa. Guga ne. Nawa yana rataye a jikin turke da igiyarsa, amma Mairo kullum da nata take zuwa, ta naɗo igiya a kafaɗa. Da sauran mata suka ga haka, su ma kowace ta riƙa zuwa da nata. Nawa ba mai taɓawa. Wata Lahadi na ba wata mata labari a coci, ina yi kamar wasa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ke ba ki gane ba? Ƙyamarki suke yi. Ruwanki halal ne, hannunki ne ƙazanta."

Maganar nan ta shiga ta zauna. Na dawo gida ina kallon guga. Ga gajiya kuma: tsakar gidana ta zama hanya, taɓo ko'ina, ba ni da lokacin da zan kwance ɗankwali in sha iska. Igiya kullum sai an ƙara mata tsawo. Ran wata Asabar na rasa ruwan da zan wanke wa yara kayan coci, suka tafi da na jikinsu. Na fara lissafa bakunan da ke sha daga ramin nan, tsoro ya kama ni.

Ban shirya ƙaryar ba. Ran wata Talata da safe Mairo ta shigo da goyonta a baya da guga a hannu, mata biyu na biye da ita.

Ta ce, "Ta-Lahadi, an tashi lafiya? Yaya amaryar tamu, ta tara mana?" Haka take kiran rijiyar.

Sai na ji bakina yana cewa, "Mairo, gara in faɗa miki tsakani da Allah. Jiya baƙin maigida suka zo daga Sabon Gari da naman alade. Na dafa musu, na wanke tukunyar a nan bakin rijiya, ruwan wankin ya gangara ciki."

Matan biyu suka ja da baya kamar sun taka wuta. Ɗaya ta yi salati. Mairo ba ta motsa ba. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, har na sunkuyar da kai. Sai ta ce, "To." Ta naɗe igiyarta ta fita.

Rahila, rubuta wannan da kyau. Ni ban taɓa sa naman nan a bakina ba, babanki ma haka. A ƙauyenmu ba a kiwonsa. A watan nan kuwa ko naman miya bai shigo gidanmu ba, kuka ce da daddawa safe da yamma. Na dai san abin da zuciyarsu ba za ta iya ɗauka ba, shi na ɗauko na toshe bakin rijiya da shi. Ban rufe ƙofa ba, ban kori kowa ba. Kafin azahar duk lungu ya ji, ba kuma wadda ta sake leƙowa.

Kwana biyun farko na ji daɗi, wannan ma a rubuta. Na yi wanka da bokiti cike. Na wanke zannuwa na shanya. Na cika randuna uku, na zauna a tsakar gida shiru, ba hayaniyar kowa.

Ran na biyu da rana tsaka na leƙa zaure, sai ga Mairo tana shigowa lungu da garwa a ka, goyo a baya. Daga famfon bakin titi take. Matar malam ce, ba ta saba fita titi ba, amma 'ya'yanta ƙanana ne, Malam kuma yana kasuwa. Tun safe take layi. Mayafinta ya jiƙe da gumi ya manne, leɓenta ya tsage ya yi fari, ruwan garwar yana zubo mata a fuska ga shi ba halin ta lasa. Na koma ciki da sauri don kada mu haɗa ido.

Da aka kira magariba na ji, "Ta-Lahadi, miƙo hannu."

Na taka turmi na karɓa. Kunu ne da zafinsa. Na san da wane ruwa aka dama shi, na ga wuyan da ya ɗauko shi. Na zauna na sha. Na shanye.

Ran na uku Iliya ya dawo da rana, abin da bai saba ba. Ya ajiye jakar kayan aikinsa, ya kori yara waje, ya zauna a bakin rijiya.

Ya ce, "Yau mutum huɗu suka zo suka karɓe tukwanensu ban liƙe ba. Saratu, wane nama aka dafa a gidan nan?"

Na juya na kama gyara murfin randa.

"Waɗanne baƙi na yi ban sani ba?"

Sai na fashe da kuka, na kwashe maganar guga na faɗa masa, da ta kayan yara, da abin da matar nan ta ce a coci. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "To, a ce ma sun ƙi guganki. Sai ki hana masu azumi ruwa? Tashi ki je ki faɗa musu gaskiya."

Na ce, "In na faɗa, da wane ido zan sake fita lungun nan? Har in mutu ni ce matar da ta yi ƙarya don ta hana maƙwabta ruwa. 'Ya'yana ma sai an goranta musu."

Ya dube ni, bai ɗaga murya ba. Shi ba mai faɗa ba ne, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ba za ki iya ba?"

Na girgiza kai.

Ya ce, "To, na ji." Ya tashi ya nufi gidan Malam Sani.

Malam Sani mutum ne mai karatu da sanyin hali. Ya zo da kansa ya ja guga, ya duba ruwan a hasken rana, ya sansana. Ya ce a abin da ya karanta, in launin ruwa da ƙanshinsa da ɗanɗanonsa ba su sauya ba, ruwa yana nan da tsarkinsa. Ya ce ɗanɗanon sai bayan an sha ruwa zai gwada, ya kuwa gwada, ya aika gida-gida cewa ba komai. Amma mata suka ce su dai zuciyarsu ta ƙi. Wata ta ce ko Malam ya sha rijiyar duka, ita ba za ta dama kunun buɗa-baki da shi ba. Aka tsaya a kan magana ɗaya: sai an kwashe ruwan tas, an yashe rijiyar, sabo ya tsattsafo.

Ranar da aka sa ta faɗo Juma'ar da muke tuna mutuwar Almasihu. Na ɗauko wa Iliya rigarsa ta coci, ya ce in mayar, yau aikinsa a gida yake.

Maza biyar suka zo da hantsi, duk da azumi a bakinsu, suna so a gama kafin lokacin masallaci. Suka jera, biyu na ja, sauran na karɓa suna juyewa a kwata. Ruwan dare guda ne ya taru, ga na kwana ukun da ba a ɗiba ba, garau kamar idon jariri. Ya bi kwata ya fita ta ƙarƙashin zaure ya malala cikin lungu. Ƙasa tana shanye shi tana ƙara. Awaki suka taru suna sha. Na hango mata tsaitsaye a ƙofofin gidajensu, suna kallon ruwa yana wuce su. Mairo na cikinsu.

Ni ina tsaye a ƙofar madafi. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da komai. Na buɗe baki ya fi sau uku. Har Malam Sani ya juyo, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Maman yara, ruwan wankin nan da yawa ya shiga ne?"

Iliya ya tsaya da igiya a hannu. Bai dube ni ba, amma na san jira yake.

Na ce, "Da ɗan dama, Malam."

Iliya ya ci gaba da ja.

Da ruwa ya ƙare saura laka, dole wani ya sauka. Wani maƙwabcinmu mahauci ya fara tuɓe riga, Iliya ya riƙe hannunsa. Ya ce, "Kai kana azumi. Daga gidana abin ya fito, ni zan shiga." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar a gaban mutane, daga ranar har ya mutu. Bai ce an dafa ba, bai ce ba a dafa ba.

Ya kunna fitila ya zura ta da igiya don a ga ko akwai iska a ƙasa. Wutar ta yi ƙasa-ƙasa, ta yi ja, amma ba ta mutu ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya bi matakan da ke jikin ramin, har kansa ya ɓace. Daga nan sai muryarsa, can ƙasa kamar daga cikin tulu: "Ja!" Guga ya fito da baƙar laka mai wari, da fasassun kwanuka, da tsofaffin gugan mutanen da suka riga mu. A juye, a mayar. "Ja!" Rana ta hau tsakiyar ka, inuwa ta gudu daga tsakar gida. Tun muryar tana fitowa da ƙarfi har ta koma sai an kasa kunne. Malam Sani ya leƙa ya ce, "Iliya, ya isa haka, fito." Ya ce saura kaɗan.

Da suka jawo shi, laka har wuya, tafin hannunsa ya saɓule, ya kwanta a ƙasa yana haki kamar ƙirjinsa zai tsage. Ya ce, "Saratu, ruwa."

Na ɗebo a moɗa daga randa, irin ruwan da aka wuni ana zubarwa. Mazan suka kau da kai saboda azumi. Ina miƙa masa sai na tuna abin da fasto ke faɗa mana kowace shekara a wannan rana, cewa Ubangiji ma a kan gicciye ya ce yana jin ƙishi. Rabin ruwan ya zube masa a ƙirji.

Mahaucin nan, don ya sassauta zaman, ya ce, "To Iliya, daga yau dai a rage kwaɗayi. In nama kake so ga ni, Na-alade!"

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, yana kwance. Sunan ke nan.

Kwana biyu rijiya ba ta ba da komai ba, mu ma muka shiga layin famfo. Ran Lahadin Ista da asuba na jefa guga na ji ya yi tsulum. Iliya ya buɗe zaure kafin mu tafi coci, ya ce duk mai so ta shiga. A hanyar dawowa, mun wuce Fagge yara suna gaba, na ce masa, "Me ya sa ba ka tona ni ba?"

Ya yi tafiya kaɗan kafin ya amsa. Ya ce, "Ni ma Almasihu ya shiga rami domina, wanda ya fi wannan zurfi, ban kuwa roƙa ba. In na kasa shiga na gidana, me nake zuwa yi coci?" Can kuma ya ce, "Amma laka na kwashe, Saratu. Gaskiyar tana wurinki, ita ba zan iya fito miki da ita ba."

Bai sake tayar da maganar ba har abada.

Ruwan sama ya sauka bayan sati biyar. Hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, iska ta kwashe shanya, sai ƙamshin ƙasa. Yara suka fita tsirara suna ihu, mata suka tara duk abin da ke da baki a ƙarƙashin indararo. Kowa ya manta da wahalar. Sunan ne bai tafi ba. Wasu ba su sake kawo masa tukunyar girki ba, sai risho da fitila, har ya bar liƙi gaba ɗaya. Yaran da aka haifa daga baya suna ce masa Baba Na-alade ba su san dalili ba, yana amsawa. Ran da ya rasu maƙwabta suka cika lungun nan, suka zauna da mu kwana uku, ba abin da ba su yi mana ba. Ina daga ɗaki na ji wani baƙo a waje yana tambayar wa ya rasu. Aka ce masa, "Na-alade mai gyaran risho." A ranar ma ban fita na ce komai ba.

Shekara talatin ina zuwa zumuntar mata ta coci, ina buga tulun kiɗa, ina jan waƙar ƙaunar Allah da babbar murya. Ina karɓar gurasar Jibin Ubangiji. Na roƙi gafara a ɗaki ba adadi, na kuma yarda an gafarta. Amma kullum na ɗaga kai daga addu'a sunan yana nan yana yawo a lungu.

Yanzu an rufe rijiyar da siminti, a kanta nake shanya kuɓewa. Akwai tanki a bakin lungu, akwai ruwan leda, jikokina ba su san yadda ake jan guga ba. Malam Sani ya rasu, babban ɗansa ne ke jan salla a masallacin lungu. Katangar ma an ɗaga ta da bulo. Kunun dai bai fasa zuwa ba, sai dai yanzu ta ƙofa yake shigowa, surukar Mairo ke kawowa.

Ran Laraba da ta wuce aka kawo, na buɗe murfi, tururin ya bugi fuskata, na kasa sha. Washegari bayan azahar na yafa mayafi na shiga gidan. Mairo ta tsufa, ido ya yi rauni, tana zaune a tabarma da carbi da mafici.

Ta ce, "Wannan jan ƙafar ta Ta-Lahadi ce. Yau Alhamis, ina za ki da mayafi?"

Na zauna kusa da ita. Na ce, "Hajiya, magana na zo da ita, ta shekara talatin." Na faɗa mata duka, ina kuka, ban rage komai ba.

Ta bari na gama. Sai ta kama dariya har tari ya sarƙe ta.

Ta ce, "Saratu, katanga ɗaya fa. Ko albasa kika yanka sai na yi hawaye. Nama a gidanki a watan nan? Ko ƙashi ba a dafa ba."

Na ce, "Kin sani?"

"Tun kina faɗa."

"To me ya sa kika tafi famfo?"

Ta ce, "In na jefa guga a gaban matan nan, ai na ce ke maƙaryaciya ce. Na ce a raina, matar nan ta gaji da mu ne, gida bakwai a tsakar gidanta, bari a ba ta kwana biyu ta huta. Ban san abin zai kai inda ya kai ba." Ta daina dariya. "Ran da ake zubar da ruwan nan ina tsaye ina kallo, ni ma da kalma ɗaya a bakina. Na ga mijinki ya rufa miki asiri, na ce ba ni zan yaye ba. Har yau ban sani ba ko daidai na yi. Ke ba ke kaɗai kika yi shiru ba."

Na ce, "Gugan fa? Me ya sa ba ki taɓa ɗiba da nawa ba?"

Ta juyo da fuskarta wajena. "Guga? Igiyarki nake ji wa. Gida bakwai a kan igiya ɗaya, kwana nawa za ta yi? Na ga duk ta sille, na kuma san halin da kuke ciki. Ni na ce wa sauran kowace ta zo da tata." Sai ta ce, "Au! Wai da ma abin da ya ci miki rai ke nan? Kai, Ta-Lahadi, Allah ya shirye ki. Ni da nake shan ruwa a moɗarki in ba azumi?"

Haka ne kuwa. Ta sha, ba sau ɗaya ba. Na manta ne, ko na ƙi tunawa.

Na ce ta yafe mini. Ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, "Wuyana ya daɗe da warkewa, na yafe tun kafin a yi ruwa. Amma ba ni kika ɓata wa suna ba."

Na dawo gida na zauna a kan simintin rijiya har rana ta yi sanyi. Duk shekarun nan ina jin ana cewa Allah ya ƙaunace mu tun muna cikin zunubinmu, ina gyaɗa kai kamar na gane. Ashe an nuna mini da ido sau biyu a sati ɗaya, wani ya sauka rami a madadina, wata ta miƙo mini kunu ta kan katanga tana sane da abin da na yi. Ni kuwa abin da na mayar shi ne shiru. Na tsufa, ba ni da ƙarfin shiga rijiya domin kowa. Abin da ya rage mini bakin nan ne, da shi na yi ɓarnar.

Na ce wa Rahila ta yi takardar nan biyu. Ɗaya za a karanta a zumuntar mata. Ɗayar Mairo ta yi magana da ɗanta, ya yarda zai karanta wa maza a dakalin masallaci ran Juma'a in sun taru shan ruwa. Rahila ta ce, "Mama, ba sai kin fita ba, ki zauna a ɗaki." Na ce a'a. A ƙofar zaure zan tsaya, inda kowa zai gan ni, mayafina a kafaɗa.  Zan tsaya.

Saura kaɗan, Rahila, daure. Wannan ki rubuta shi da manyan baƙaƙe, don kada mai karatu ya yi sauri a wurin.

Ba a taɓa dafa naman alade a gidan nan ba. Ruwan da aka zubar a lungu mai tsabta ne. Ni Saratu na yi ƙarya, sau biyu, mijina ya sani ya shiga rijiya. Wanda duk ya ji wannan, in zai ambace shi, ya kira shi da sunan da uwarsa ta sa masa. Sunansa Iliya.